Tsatsar Waken Suya da Kwalbar Feshi: Lissafin Manomin Abu Na'ama

Duk amfanin gonar da ya shigo ƙasa baƙo, da tsarabarsa yake zuwa: ga iri, ga alkawarin kasuwa, ga kuma jerin magungunan da ake cewa sai da su. Haka waken suya yake a filayen baƙar lakar da ke tsakanin Sinja da Damazin a Sudan, inda dawa da riɗi suka daɗe suna mulki, inda kuma jikokin Hausawa da Fulanin da suka biyo hanyar gabas, irin waɗanda suka kafa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suke noma a bakin Shuɗin Nilu har yau. A Abu Na'ama, da ke cikin wannan yanki, akwai tashar binciken noma tun shekarun 1960, akwai kuma tsangayar aikin gona ta Jami'ar Sinnar, don haka waken bai zama baƙon ido ga masanan wurin ba. A 2012 Hukumar Binciken Aikin Gona da ke Wad Madani ta fitar da iri biyu, Sudan 1 da Sudan 2. Dalilan son waken a fili suke. Yana ba da mai, tunkuzarsa ita ce ƙashin bayan abincin kaji, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma gonar da dawa a kan dawa ta gajiyar har ƙuduji ya mamaye ta, wanda Larabawan yankin ke kira buda, tana samun hutu idan wake ya ratsa tsakani. Sai dai duk wanda ya karanta labarin waken nan a duniya zai ci karo da cutar tsatsa, daga nan kuma sai maganar feshi. Ra'ayina shi ne, feshin yana da amfani, amma amfaninsa a ɗaure yake da lokaci da wuri, kuma manomin Abu Na'ama zai yi asara idan ya ɗauko jadawalin feshin wata ƙasa ya ɗora a kan gonarsa.

Sai an san halin cutar kafin a yi gardamar maganinta. Wata irin funfuna ce mai suna Phakopsora pachyrhizi a bakin masana, kuma ba ta rayuwa sai a kan ɗanyen ganye. Ba ta kwana a cikin iri, ba ta jimre zama a busasshen karmami. Iska ce jakinta. Ƙwayoyinta, masu kama da ƙurar toka-toka, sukan sauka a kan ganye, kuma ba za su tsira ba sai ganyen ya yi aƙalla awa 6 a jiƙe, da ruwa ko da raɓa, a yanayi mai ɗan sanyi, wajen maki 15 zuwa 28 a ma'aunin zafi. Idan sun samu haka, cikin kwana 9 ko 10 sabbin ƙuraje sun fashe a bayan ganye suna zubar da wata ƙurar. Daga ganyen ƙasa take farawa, can cikin duhuwar shuka inda laima ke daɗewa, sannan ta yi sama. Ganyen ya yi rawaya, ya yi ja-ja, ya kaɗe tun kafin kwanso ya cika, sai a samu ƙwaya ƙanana marasa nauyi. A shekarar da ta samu yadda take so, asara takan kai kashi 80 cikin 100. An fara gano ta a Japan a 1902. Ta bayyana a Yuganda a 1996, Zimbabuwe a 1998, Nijeriya a 1999, Afirka ta Kudu da Burazil a 2001, ta isa jihar Luwiziyana ta Amurka a Nuwamban 2004. An tabbatar da ita a Habasha ma, ƙasar da ke noman waken suya a Asosa da Pawe, ƙetaren iyakar jihar Shuɗin Nilu kaɗan. Abin da ya tsallake nahiyoyi a kan iska, shingen iyaka ba zai tare shi ba.

To amma zuwan ƙwayar cuta daban, samun wurin zamanta daban. A nan ne ƙasar Abu Na'ama take da wata kariya da manomin Burazil ko na Yuganda zai so ya samu. Daga Nuwamba zuwa Mayu rani ne mai ƙuna, ba ɗanyen ganyen waken suya a fili, don haka da wuya funfunar ta samu inda za ta fake ta jira damina. Kowace shekara sai dai ta sake tasowa daga nesa. Ruwan yankin, wanda ke kai-komo a wajen milimita 600, ya fi sauka a Yuli da Agusta. Waken da aka shuka a Yuli yana fure a cikin Agusta, yana cika kwanso a Satumba zuwa farkon Oktoba, daidai lokacin da ruwa ke ja da baya, rana ke komawa sama da maki 30 da nisa. Wannan ba ya nufin an tsira. Shekara mai ruwa da yawa, da hadari mai rufe rana kwana da kwanaki, da raɓa mai kaiwa hantsi ba ta bushe ba, za ta iya buɗe ƙofa, musamman can kudu wajen Damazin da Rusairis inda ruwa ya fi yawa, ko a gonar ban-ruwa mai cunkoson shuka. Abin da yake nufi shi ne haɗarin na shekara-shekara ne, wani bi ya zo, wani bi ya wuce. Cutar da ba ta da tabbas kuwa ba a yi mata kashe kuɗi mai tabbas.

Magungunan kansu ba su da laifi wajen aiki. Akwai dangin tiriyazol, irin su tebuconazole da propiconazole kamar yadda ake rubuta su a jikin kwalba, waɗanda ke shiga cikin ganye su tsayar da funfunar da ba ta daɗe da kamawa ba. Akwai dangin sitirobilurin, irin su azoxystrobin, waɗanda ƙarfinsu a hana ƙwayar tsira yake. Akwai kuma tsofaffin hannu irin mancozeb, masu kwanciya a fuskar ganye kamar shafe, ba sa shiga ciki, ruwa mai ƙarfi kuma yakan wanke su. Babu ɗaya a cikinsu da ke mayar da ganyen da ya riga ya mutu. Kariyar feshi ɗaya ba ta wuce mako 2 zuwa 3. Lokacin da feshi ke biyan kuɗinsa shi ne daga fara fure zuwa cikar ƙwaya a kwanso. Kafin fure da wuya cutar ta yi wani tasiri, bayan ƙwaya ta cika kuma ko ganye ya zube an riga an ci riba. Saboda haka duk rigimar a kan mako 5 ko 6 take. Wanda ya fesa kafin wannan taga ya zubar da kuɗinsa a ƙasa, wanda ya fesa bayan tsatsa ta hau har ganyen sama kuwa ihu ne bayan hari.

Masu goyon bayan feshin jadawali suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Sukan ce rigakafi ya fi magani, kuma tsatsa ba ta jira. Tun da cutar takan yi mako guda a ɓoye cikin ganye kafin ƙurji ya fito, ranar da manomi ya gan ta ta riga ta yi nisa, don haka gara a fesa da zarar fure ya fito, a sake bayan mako 3, a huta da fargaba. Wannan magana daidai ce a inda tsatsa ke zuwa kowace shekara ba fashi, kamar Mato Goroso ta Burazil. Amma a duba inda hanyar ta kai su. Manoman can sun dogara da tiriyazol shi kaɗai, sai ga shi wajen 2007 ƙarfinsa ya fara raguwa, don funfunar ta saba da shi. Suka koma haɗa shi da sitirobilurin, wajen 2013 shi ma ya fara sanyi. Aka kawo sabon dangi mai tsada, cikin 'yan shekaru alamun sabo suka bayyana a kansa. Ƙarshenta sai da aka koma ana cakuɗa sabbin magungunan da tsohon mancozeb, maganin da Tarayyar Turai ta janye izininsa a ƙarshen 2020 saboda lafiyar mutane. Hukumar binciken noma ta Burazil, Embrapa, ta ƙiyasta cewa tsatsa na cinye fiye da dala biliyan 2 a kowace kakar noma. Dalilin wannan sabo kuwa ba ɓoyayye ba ne. Maganin da ke bugun funfuna a gaɓa ɗaya tak, duk lokacin da aka fesa shi yana kashe masu rauni ya bar 'yan tsirarun da suka jure, su kuma su hayayyafa. Yawan feshi shi ke gaggauta ranar da kwalbar za ta zama ruwa.

Mutumin Jazira ta Sudan ba ya bukatar a kai shi Burazil kafin ya gane wannan, don a gonar audugarsa aka rubuta darasin. An fara fesa DDT a Jazira a tsakiyar shekarun 1940, sau ɗaya a shekara, saboda wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye. Sannu a hankali feshin ya yi ta ƙaruwa har ya kusa sau 10 a ƙarshen shekarun 1970, jirage na shawagi bisa jadawali. Maganin ya kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda, shi kuwa farin ƙudan ya saba da guba, ya cika gonaki, darɓarsa, wadda ake kira asala, ta manne a jikin auduga har masaƙun Turai suka riƙa karya mata farashi. Sai da aka koma duba gona ana ƙirga ƙwari kafin a yi feshi sannan abin ya lafa. Ƙwaro da funfuna ba ɗaya ba ne, amma lissafin sabo ɗaya ne. Akwai ma darasin da ya girmi wannan. A farkon shekarun 1930 cutar baƙanta reshe da ta nannaɗe ganye suka kusa durƙusar da aikin Jazira, kuma ba kwalba ce ta cece shi ba. Doka aka sa a tumɓuke itacen auduga a ƙone bayan girbi, a bar fili babu auduga na wasu watanni, aka kuma ƙyanƙyashe iri masu juriya. Abin sha'awa, a 2006 Burazil ta fara tilasta irin wannan hutu ga waken suya, kwana 60 zuwa 90 ba a yarda a ga ɗanyen wake a gona ba. Abin da suke saye da doka da tara, rani yana ba Abu Na'ama kyauta.

Sai maganar aljihu, wadda galibi ita ce ke yanke hukunci. Manomin Burazil yana girbe fiye da tan 3 a hekta, don haka kare kashi 20 cikin 100 na wannan ya fi ƙarfin kuɗin feshi uku. Ƙaramin manomi a yawancin Afirka yana samun wajen tan 1 ne a hekta, a fadan ɗaya kuwa, wanda bai kai rabin hekta ba, abin bai wuce buhu huɗu da ɗan ɗori ba. A ɗauka feshi biyu, da kuɗin magani da ladan mai fesawa da ɗaukar ruwa, sun ci rabin buhu. Idan tsatsa ta zo da ƙarfi, an ceci buhu ɗaya ko biyu, an ci riba. Idan kuwa sai shekara ɗaya cikin huɗu take zuwa, to an biya buhu biyu don a ceci ɗaya ko biyu, ba a ƙirga wahala ba. Maganin daga waje ake shigo da shi, da dala, alhali fam ɗin Sudan yana zubewa. Wanda kuma ya karɓi kwalbar a kan shail, bashin nan da ake biya da amfanin gona a farashin da mai ba da bashi ya yanka, ya sayar da wani yanki na girbinsa tun wake bai yi fure ba.

Akwai kuma abin da ba a gani daga ofis. Baƙar lakar nan, idan ta sha ruwa, tarakta ba ta shiga, mutum ma sai ya tuɓe takalmi. Ranakun da tsatsa ta fi son yaɗuwa su ne ranakun da gona ba ta takuwa. Mai famfon goyo na lita 16 yana bukatar ciko huɗu ko biyar kafin ya jiƙa fadan ɗaya yadda ya kamata, yana cusa ƙafa a caɓi, ganye na kaiwa gwiwa. Idan ya riƙe sandar a sama yana kaɗawa kamar mai fesa maganin ciyawa, ruwan zai tsaya a ganyen sama, ganyen ƙasa inda cutar take ba zai samu komai ba. Dole a rage sauri, a sa baki mai fitar da ɗigo matsakaici, a bari raɓa ta bushe, a guji tsakar rana da lokacin iska, a kuma duba sama kada hadari ya wanke aikin cikin awa biyu. Idan ruwan haɗin daga hafir, wato ramin tara ruwan sama, aka ɗebo shi, da laka a ciki, yakan toshe bakin famfo. Famfon da aka yi aikin maganin ciyawar dawa da shi kuma, in ba a wanke shi da kyau ba, shi zai ƙone waken kafin tsatsa ta iso. Wanda ya yi feshin da singileti, ba safar hannu ba ƙyallen hanci, sannan ya wanke famfo a inda dabbobi ke sha, ya ƙara wani kuɗin da ba ya fitowa a lissafin kaka.

Za a ce, to idan ba jadawali, ta yaya manomi zai san lokaci, alhali ko malamin gona yakan rikice? Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar amsa, don gaskiya ne ganyen waken suya yana da cututtuka masu kama da juna. Akwai ƙurajen da bakteriya ke jawowa, masu ɗan rawayan zobe a gefe, waɗanda maganin tsatsa ba ya yi musu komai. Tsatsar gyaɗa da ta alkama kuma, duk da suna ɗaya, wasu halittu ne dabam, ba sa tsallakawa kan waken suya, don haka ganin gyaɗar maƙwabci ta yi ja ba dalilin ɗauko famfo ba ne. Amma ganewar ba ta fi ƙarfin mutum ba. A tsinko ganyen ƙasa, a juya bayansa ga hasken rana, a duba da ƙaramin gilashin ƙara girma. Ƙurjin tsatsa tudu ne ɗan mitsitsi mai rami a kai, da gari a bakinsa. In ana shakka, a sa ganyen a leda da ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle ya kwana, gobe garin zai fito ya nuna kansa. Matsalar jinkirin gani kuwa an daɗe da samo mata dabara. A Zimbabuwe, bayan 1998, aka riƙa shuka 'yan ƙananan fuloti na iri mai saurin kamuwa, makonni kafin sauran gonaki. Su ke riga kowa fure, su ke riga kowa kamuwa, ranar da aka ga tsatsa a kansu sai a yi shela. Amurka ta ɗauki wannan hanya daga 2005, kuma ta ceci manoma da yawa daga feshin da ba a bukata. Fulotin gadi a tashar Abu Na'ama, wani a Damazin, wani a wajen Sinja, da saƙo ta rediyo ko ta WhatsApp, zai ba manomi kwanakin da yake bukata, kuma kuɗinsa bai kai na feshin ƙauye ɗaya ba.

Iri mai juriya shi ne katangar da ta fi arha, don a cikin buhun shuka take zuwa. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da TGx 1835-10E, wanda Nijeriya ta fitar a 2008, mai jure tsatsa kuma mai saurin nuna, manoman Kano da Kaduna sun san shi. A Yuganda, Jami'ar Makerere ta fitar da Maksoy 1N a 2004 bayan tsatsa ta rusa tsofaffin irinsu. Mai suka zai ce juriyar iri ma takan karye, kuma ya yi gaskiya, don funfunar tana da launuka da yawa, an ga ta tsallake juriyar da ke rataye a kan ƙwayar gado ɗaya. Amma wannan hujja ce ta haɗa katanga biyu, kowace ta rage wa 'yar'uwarta nauyi. Iri mai juriya yana rage yawan funfunar da magani zai fuskanta, feshi ɗaya a kan kari kuma yana rage yawan da zai gwada juriyar irin. Saurin nuna shi kansa kariya ne: waken da aka shuka da ruwan farko ya cika kwanso da wuri yakan tsere kafin ƙurar ta taru a iska. A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa a bar magani kwata-kwata, a dogara da ruwan darbejiya da toka. Ban ga hujjar da za ta sa a ba manomi wannan shawara ba. A shekarar da tsatsa ta kama wake yana tsakiyar fure, ga ruwa na sauka, feshin haɗin dangi biyu, a cikakken awon da ke jikin kwalba, shi ne bambancin girbi da karmami. Rage awo don kwalba ta isa gona biyu kuwa koya wa funfunar jure guba ne.

Wani zai ga duk wannan magana ce ta lokacin zaman lafiya. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ci Wad Madani daga Disambar wannan shekara zuwa Janairun 2025, hedikwatar hukumar bincike da rumbun ajiyar irinta suka taɓu, Sinja ma ta fita hannun gwamnati daga ƙarshen Yuni zuwa Nuwamban 2024. Amma irin wannan yanayi ne ya sa batun ya fi matsawa. Inda sa ido ya yi rauni, nan ne kwalbar da wa'adinta ya wuce da wadda aka sake wa takarda ke cika kasuwa, kuma mai shago ne ke zama malamin gona, shi kuwa ba zai taɓa cewa kada ka saya ba. Lokacin sake gini kuma shi ne lokacin da ake yanke shawarwarin da ke daɗewa. Ɗaya daga cikinsu ta shafi ban-ruwa kai tsaye. Tun da aka ƙara tsayin madatsar Rusairis a 2013 ruwan rani ya ƙaru a kogin, kuma za a samu masu sha'awar noma waken suya sau biyu a shekara a gonakin famfo na bakin kogi. Dare a watannin Disamba da Janairu yana da sanyin da funfunar ke so, fuloti mai ruwa a ƙasa kuma yana tara laima a cikin ganye. Ɗanyen wake a rani gada ce da za ta iya ɗauke cutar daga wannan damina zuwa waccan, ta yadda za ta tarar da shukar Yuli tun tana ƙarama maimakon ta iso a makare daga nesa. Kafin a ba da izinin noman rani na wannan wake a Sinnar da Shuɗin Nilu, ya kamata a fara tsayar da watannin da ba za a bar ko tushe ɗaya a tsaye ba, har da wanda ya tsira da kansa a bakin magudanar ruwa daga ƙwayar da ta zube lokacin girbi.